Kunun Zaƙi da Shekarar Kwalara

Ranar baje kolin abin sha na gida da aka yi a nan Maraɗi, kun gan ni zaune a ƙarshen benci cikin masu ɗanɗano, an jera mini ƙananan kofuna a gaba kamar mai tallar magani. Ban nemi zuwa ba. Wata ma'aikaciyar ƙungiyar da ta koya muku aiki ce ta zo har gida nan Sabon Gari, ta ce suna son tsohuwar hannu cikin alƙalai, an kuma ce mata ta nemi Inna Tsahara mai kunu. Na ce mata idona ya yi rauni. Ta ce ba ido suke nema ba, harshe suke nema.

Na sha abubuwa ranar nan da ban taɓa zaton za a ɗura su a kwalba ba. Zoɓo da ɓawon abarba. Ruwan goruba da kanumfari. Kunun aya da dabino da kwakwa, mai kauri har cokali zai tsaya a ciki. Wata yarinya ta kawo lemun aduwa, ɗacinsa ya bi ni har la'asar, amma na sa mata albarka, don wadda ta tuna da aduwa ba raguwa ba ce. Tsakanin kofi da kofi sai in kurkure baki in tofar a ƙasa, wata mai gidan abinci da ke zaune kusa da ni tana ta janye ƙafa.

Wanda ya tsayar da ni shi ne na wani saurayi ɗan Tsibiri, Laminu. Ya buɗe kwalba ta yi tsaki, ya zuba mini abu ja-ja mai kumfa a sama. Tun kafin ya kai bakina na san tsiron dawa ne. Na ajiye kofin na tambaye shi ko ya san abin da wannan yake komawa in ya kwana cikin zafin garin nan. Ya ce ya sani. Ya ce kumfar, da wani ɗan inji yake sa ta, kuma bayan ya toshe kwalaben yakan jera su a tukunya ya dafa su da abin da ke ciki, sai abin ya tsaya inda yake, ba ya ƙara gaba. Na tsufa cikin aikin nan ban taɓa jin wannan dabara ba, na kuwa gaya masa haka a gaban mutane.

A bayan rumfarsa ne na ji ɗayarku, ba zan ce ko wace ce ba, tana gaya wa ƙawarta wai sana'ar nan ba ta da wuya: jiƙa, tace, zuba sukari, sa a firigo ya yi sanyi. Shi ya sa na ce ku biyo ni gida. Ku gyara zama, tabarmar ta ishe ku.

Aikin farko da aka ba ni a duniya shi ne juya tsiro, kuma ba na kunu ba ne. Rabin unguwar nan sun sani, ku ma ku sani: a wani ƙauye bayan Tsibiri aka haife ni, cikin Anna masu bin al'adar kakanni, kuma gwaggona Tani da ta riƙe ni burkutu take dafawa. Dawa ake jiƙawa a randa, a tsame, a baza ta a daɓen ɗaki, a rufe da jiƙaƙƙen buhu. Safe da yamma sai an yayyafa mata ruwa an juya ta. In ruwa ya yi yawa ta ruɓe, in ya yi kaɗan ta ƙi fitowa, in zafi ya taru a tsakiya ta yi fumfuna, buhu guda ya tafi ga awaki. Gwaggo takan kama hannuna ta tura cikin tarin har wuyan hannu, ta ce, “Mi kika ji?” In na ce ɗumi, sai ta tambaye ni wane irin ɗumi, na jikin yaro mai lafiya ko na mai zazzaɓi. Na yi damina biyu ina wannan kafin ta yarda in taɓa muciya.

Tukwanenta na ƙasa ne, manya, an kafa su cikin murhun laka ba sa motsi. Muciyar ta fi ni tsawo. Ranar dahuwa tun asuba ake hura wuta, kina tsaye kan kututture kina juyawa, hayaƙin ƙirare yana shiga idonki, in kika tsaya sosa ido ƙasan tukunya ya kama, ƙauri ya bi dukan giyar. Raunin idon nan da nake faɗa muku daga can ya faro. Hannuwan Gwaggo kuwa daga gwiwa zuwa yatsu duk tabon tafasa ne. Ita kanta ba ta sha. Yatsa take tsomawa ta ɗora a harshe, ta san saura yaya.

Masu saye manoma ne ranar kasuwa, da makaɗa, da wasu mutanen gari da ke biyo ta hanyar bayan gida, hula a aljihu. Ban taɓa jin Gwaggo ta ambaci sunan wanda ya zo ba, ko da faɗa ya haɗa su. Ta ce mini abin da ya shiga cikin mutum daga hannunki amana ce, kuma wanda ya sha shi ma amana ne.

Na musulunta kafin a kawo ni Maraɗi aure gidan Malam Issufu mai gyaran takalma, Allah ya jiƙansa, na bar giya a can inda na same ta. Bayan wata guda sai ga amalanken shanu a ƙofar gida da tukwanen Gwaggo biyu an naɗe su da tsumma. Malam ya daɗe yana kallonsu. Daga baya ya sa na wanke su da toka, muka hura wuta a cikinsu, muka kife su a rana har warin ya fita, ya ce in yi abin halal da su.

Kunun zaƙi na farko da na yi na sayarwa, a cikinsu na yi shi. Gero za ki jiƙa, ki wanke har ruwa ya fito fari, ki kai niƙa da citta da kanumfari da ɗan barkono. Ƙullun sai ki raba shi biyu. Babban kashin ki sheƙa masa tafasasshen ruwa ya dahu ya yi kauri. Ki bar shi ya huce, ba sanyi ba, ɗumin nan na jikin yaro, sannan ki zuba ƙaramin kashin da kika haɗa da garin tsiro da busasshen dankali. Ki rufe ya kwana. Da asuba za ki tarar kaurin ya saki ya zama ruwa, zaƙi ya fito da kansa, sukari kaɗan yake nema. Ki tace da mataci, ki sake tacewa. Abin da ba a gaya muku ba shi ne kunun zaƙi da burkutu hanya ɗaya suke tasowa. Kunu yana tsayawa, giya tana wucewa. In kika yi sakaci da shi lokacin bazara, kafin azahar zai fara tsami, kafin magariba ki ga ƙananan idanu suna tasowa a samansa. Wannan ba na sayarwa ba ne, kuma ba na sadaka ba ne. Zubarwa ake yi, ko da kuɗin geron gobe ne a ciki.

Wanke bido, jarkar da ake ɗura kunu a ciki, shi ma aiki ne da kansa. Bidon da kunu ya kwana a ciki, in ba ki sa tsakuwa da ruwan zafi kin girgiza har kafaɗa ta gaji ba, tsamin jiya yana nan a lungun hannunsa yana jiran kunun yau. Mataci kuwa a dafa shi kullum, a shanya a rana, ba a inuwa ba.

Masu saye kowa da bakinsa. ’Yan dako na tasha da magina suna son mai nauyi, barkono ya ji, don shi ne abincinsu har yamma. ’Yan kabu-kabu a tsaye suke sha, ƙafa ɗaya a kan babur, in babu sanyi sai su miƙo miki kofin su wuce. Matan Alhazai na unguwar Zariya nan Maraɗi suna son mai ruwa-ruwa, da ƙamshi, kada a ji ƙwayar gari ko ɗaya a maƙogwaro. Da azumi kowa naki ne, da sanyi ba ki da kowa.

Zoɓo ba hannuna ba ne, hannun Balki ne. ’Yar Jiratawa ce, mijinta yana da garka, wato lambu, a can, takan shigo gari da na'ana'a da lemun tsami da busasshen zoɓo a kwando. Da farko saye nake a wurinta. Wata rana ta ɗanɗana zoɓona ta yatsine fuska, ta ce na dafa shi har ya mutu, ta ajiye kwandonta ta nuna mini yadda ake sauke shi tun launinsa yana da rai. Daga ranar muka haɗa aiki. Ni kunu, ita zoɓo da tsamiya da lemun citta. Ita mai magana ce, ni ba ni da ita, don haka in aka ba mu aikin biki ko suna ita ke bin kaya ta tsaya a kan rabo. Ta san wace Hajiya ce ba ta shan sukari, wace ce za ta ce a ɗura mata a kwalba ta kai gida. Mun haura shekara goma sha biyar a haka, ba mu taɓa kai ƙarar juna wurin kowa ba.

Aikin da zan gaya muku yanzu na suna ne, a gidan Hajiya Mariyama a Zariya. Mijinta babban ɗan kasuwa ne mai motoci a hanyar Katsina da Kano, kuma ni na yi kunun bikin ’ya'yanta mata duka. An yi mata jika. Damina ce mai ruwa, wadda Gulbi ya cika ya shiga gonaki, gidajen laka suna zubewa, ramukan bayan gida suka cika suka haɗu da ruwan titi. Ana ta jin labarin amai da gudawa a ƙauyuka, har an ce ya shigo wasu unguwanni. Pampo yana zuwa yana ɗaukewa. Itace duk a jiƙe.

Na san lokacin da ake ciki, don haka ruwan aikin nan duk sai da na tafasa shi, har wanda aka ɗauraye bidoji da shi. Na ƙona itacen mako guda a yini ɗaya. Abin da ban iya ba shi ne sanyi. Kuran, wutar lantarki ke nan, ba ya tsayawa, firigona ya zama akwati. Na gaya wa Balki ta faɗa musu kunun zai zo ba sanyi. Da ta isa, mutanen gidan suka aika aka sayo ƙanƙara manya-manya daga waje, aka farfasa aka zuba cikin robobin kunu da zoɓo, don ba a ba baƙin Alhaji abu mai ɗumi. Akwai kuma fura da wata ta kawo, da dambun zogale, da ruwan leda, da kwano ɗaya da mata suka yi ta wanke hannu a ciki. Ni ban je ba, ina gida kan ƙullun gobe. Balki ce ta biyo da yamma ta ajiye bidoji, ta ba ni labarin nan tana dariya, ta ce ko ɗigo bai rage ba. Ta hau mota ta koma Jiratawa.

Washegari ba ta zo ba. Na ce ko hanya ce ruwa ya yanke. Kashegarinsa da hantsi maƙwabciyata ta shigo ba sallama, ta ce mutanen da suka je sunan Zariya suna kwance a rumfunan da aka kafa a asibiti, kuma autar Hajiya, Sahiya, yarinyar da ke shirin shiga kwaleji, ta rasu da asuba. Ban gama jin wannan ba sai ga ɗan'uwan mijin Balki a kan babur. Ya ce ciwon ya kama Balki tun daren da ta koma. Ruwa ya cinye hanya, mota ba ta shiga unguwarsu, sai a amalanke aka ɗauko ta. Kafin a isa wurin likita jikinta ya bushe, ta cika. Ya ce an riga an rufe ta, ma'aikatan lafiya ne suka yi mata sutura, ba su bar mata sun taɓa ta ba.

Ma'aikatan lafiya sun zo nan ma, da safar hannu da abin rufe hanci. Suka zubar da duk abin da ke gidan, ƙullu da kunu da tsiron da ke shanya, suka fesa ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta har cikin ɗaki. Babbansu mutum ne mai hankali. Na tambaye shi ko kununa ne. Ya ce, “Inna, kwalara tana ko'ina cikin gari. Ba zan ce naki ne ba, ba zan ce ba naki ba ne.” Aka hana sayar da abin sha a titi gaba ɗaya har sai abin ya lafa.

Gari bai tsaya inda likita ya tsaya ba. Ba wanda ya san sunan mai ƙanƙara, ba wanda ya tuna mai fura, amma kowa ya san Inna Tsahara. Sai aka tuno daga inda na fito. Aka ce ’yar arna ce, tukwanen giya take dafa wa Musulmi kunu a ciki, wa ya san abin da take zubawa. Mutanen da suka sha daga hannuna tun suna goye su ne suka faɗi haka. Wata ranar da rana tsaka wasu samari suka shigo gidan nan. Malam ya riga ya rasu, babu namiji a gidan. Ba su taɓa ni ba. Taɓaryata suka ɗauka a gindin turmi suka fasa tukwanen Gwaggo duka biyu, ɗayar ma sai da suka yi ta bugu, don ƙasar da aka gina ta da ita ba irin ta yanzu ba ce. Mai unguwa ya iso bayan sun gama, ya yi faɗa, ya ce a yi haƙuri. Na kwashe kasaken na cike ramin ƙofar gida inda ruwa ke kwanciya. A kansu kuka taka kuka shigo.

Na je Jiratawa gaisuwa da hanya ta buɗe. Mijin Balki ya amsa gaisuwata, bai ɗaga kai ba. Na shiga wurin mata na zauna. Can sai baƙi suka shigo, na ga ba kowa kusa da randa, na tashi na ɗebo ruwa a moɗa zan miƙa musu, kamar yadda na saba yi a gidan Balki shekara da shekaru. Yayar Balki ta taso a hankali ta karɓi moɗar daga hannuna. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, “Zauna, Tsahara, kin sha hanya.” Ta fita da moɗar ta zubar da ruwan a bayan ɗaki, ta wanke ta, ta ɗebo wani. Na yi addu'a na tashi.

Ranin nan tsintar aya na yi a sito na wani ɗan kasuwa. Ana zube buhu a gabanki, ki fitar da tsakuwa da ruɓaɓɓu, daga safe har la'asar, a biya ki a kan abin da kika gyara. Mata ne da yawa a wurin, da rana kowa na buɗe abincinta ana ci tare. Nawa ba wadda ta sa hannu. Ni ma na daina tayi.

Da azumi ya matso na sayi tukunyar ƙarfe, wadda kuke gani can. Ba ta riƙe ɗumi kamar ta ƙasa, sai na koyi lulluɓe ta da tsohon bargo. Na yi tsiro kaɗan, na yi kunu bido ɗaya, na fitar da benci ƙofar gida gab da shan ruwa. Mutane suna wucewa da jug a hannu, su gaishe ni, su wuce wurin wata a gaba. Bayan isha'i in zubar. Gobe in sake. Maƙwabciyata ta ce in bari, gero ba ya faɗowa daga sama. Na ce mata ban iya wani abu ba.

Ana tsakiyar azumin, rana ta kusa faɗuwa, layin nan cike da mutane masu sayen ƙosai da ƙanƙara, sai mota ta tsaya a bakin kwalbati. Hajiya Mariyama ta fito. Tun rasuwar ’yarta ban sa ta a ido ba, don na je gaisuwa an ce mini ba ta ganin mutane. Ta rame har zoben hannunta yana yawo. Ta zo ta zauna a bencina, na gaishe ta, ta amsa. Mai ƙosai ta bar kaskonta tana kallo. Da aka kira salla Hajiya ta fito da dabino daga jaka ta ci, ta ba ni ɗaya, sannan ta nuna bidon da haɓa. Na zuba mata a kofi. Ta shanye duka a gaban jama'a, ta riƙe kofin a cinya.

Ta ce, “Kullum sai na tambayi kaina ko kununki ne, ko ƙanƙarar da ni na ce a sayo. Ban sani ba. Ke ma ba ki sani ba.”

Na ce, “Ban sani ba, Hajiya.”

Ta miƙo kofin ta ce in ƙara mata.

Ba ta sake zuwa ba, ba ta kuma sake ba ni aikin gidanta ba. Amma washegari mai ƙosai ta aiko a zuba mata, bayanta wani magini, a haka a haka har bido ya koma ƙarewa. Rabin mutanena ne suka dawo, sauran har yau in sun hango ni sai su tsallaka titi. Aikin biki na daina karɓa, sai in ni zan tsaya a kan robar da kaina daga farko har ƙarshe, kuma ƙanƙarar da ban ga ruwanta ba ba ta shiga abin da na dafa, ko matar gwamna ce ta ce a sa. Zoɓo kuwa ban sake yin na sayarwa ba.

To, kun ji. Kwalabenku suna da kyau, kun kuma san abubuwan da ban sani ba. Amma duk kofin da kuka miƙa, cikin ɗan wani zai shiga, kuma in abu ya faru sunanku za a kira, ko ku ne ko ba ku ba. Wadda har yanzu take son sana'ar, ta zo gobe bayan sallar asuba, akwai bidoji na jiran wanki. Ta ɗauro zanen da ba ta so.